Akushin da Bai Fito Ba

Wannan hikaya na same ta a wani tsohon littafi da kakana ya bari a gafaka, wanda gara ta ci gefensa har ta haɗa da sunan marubucin. Ban ji haushin garar sosai ba, don ta bar mini abin da ya fi suna amfani. Inda ta ci kalma na cike da abin da na ji daga bakin kakan nawa, inda kuma na manta, Allah ne masani.

An ce a zamanin da an yi wani birni ana kiransa Birnin Marke, sarkinsa kuwa Arzika ɗan Hantsi. Sarki ne mai son talakawansa, sai dai daga nesa yake son nasu, domin al'adar gidan sarautar ta hana sarki cin abinci a gaban kowa. Kullum da magariba sai a kai masa akushi wani ɗaki can ƙurya, a saki asabari, a bar shi shi kaɗai. Shekara goma sha tara ke nan yana haka, tun ranar da aka naɗa masa rawani. Waɗanda ya yi wasan ƙasa da su yanzu faɗuwa suke yi a gabansa su yi gaisuwa, ba mai iya ɗaga ido ya dube shi. An ce sau da yawa loma biyu yake yi ya ture akushin, ba kuwa don miya ba ta yi daɗi ba.

Wata shekara aka yi marka kwana tara ba ƙaƙƙautawa. Kududdufan gari suka cika suka batse, ruwa ya gangara Unguwar Gangare da ke can ƙasan birni, ya jiƙa gindin katangu, gidaje suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Hanyar kasuwa ta koma taɓo, jaki in ya shiga sai an jawo shi da igiya. Ganuwa ta tsage ta gabas, ɓarayi suka samu abin da suke so, da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da damina ta wuce, Sarki ya tara fada ya ce, "Hannun gayya da muke da shi na rani ɗaya ne. Ga hanya, ga gidaje, ga tsaron gari. Wanne za mu sa gaba?"

Sarkin Zango, wanda fatake ke sauka a hannunsa, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, hanya ce gaba. In ayari ya daina shigowa, me za a ci a cikin gidajen?"

Sarkin Magina ya ce, "Zaki, wanda ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa, ina ruwansa da hanya?"

Sarkin Dogarai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a gina gida a bar ganuwa a tsage, ai ɓarawo aka yi wa shimfiɗa."

Haka suka wuni, kowa na tallan hajarsa, har rana ta yi sanyi. Sai Waziri Mijinyawa ya yi gyaran murya. Shi Wazirin nan mutumin kirki ne, bai taɓa cin ko wuri ɗaya na talaka ba, ga ilimi har ya yi masa yawa. Ciwonsa ɗaya, irin na masu ilimi: ya fi yarda da igiyar awo a kan bakin mutane. Ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki imani, me zai sa mu zaɓi ɗaya? Ga tudu can yamma a cikin ganuwa, ba kowa a kansa. A yanka sabuwar unguwa a can, a miƙe hanyoyi, a jera gidaje, a zuba dogarai. Don kuma kada a ce an yi son kai wajen rabo, a zuba tsinkaye masu alama a ƙwarya, kowane magidanci ya zari ɗaya. Gidan da ya faɗo masa shi ne nasa, mai kuɗi da talaka duk ɗaya."

Fada ta ɗauka da yabo, Sarki ya yi murna. Ba wanda ya ce a je Gangare a ji ta bakin masu ita.

An ce ba a taɓa ganin aiki irin na wannan rani ba. Aka yi tubali har ƙasar kududdufai ta ƙare, aka sassaro azara daga daji mai nisa. Hanyoyi suka miƙe sambal, jakai biyu da kaya su gifta ba su gogi juna ba, ga magudanar ruwa a gefe da gefe. Aka toshe ganuwa. Aka kira unguwar Sabon Tudu. Sarkin Zango ya hana gina dakali a ƙofar gida, ya hana shimfiɗa tabarma a bakin hanya, wai kada a tare wa jakai. Sarkin Dogarai ya ce da an sallame magariba kowa ya shige gidansa, duk taron da ya wuce mutum biyu a watse shi. Kafin ruwan farko ya sauka an zari tsinkaye, kowa ya tare.

Damina ta zo ta wuce, ko ɗaki ɗaya bai yi yoyo ba, ko akuya ɗaya ba a sata ba. Amma da kaka ta yi, sai aka wayi gari an ga hayaƙi na tashi a kangayen Gangare. Yau gida biyu, gobe biyar, har gida arba'in da uku suka bar soraye masu kyau suka koma cikin kufai, suna kafa zana da bukkoki a inda ruwa ya kore su.

Da labari ya kai fada, Sarkin Dogarai ya ce butulci ne tsantsa. Sarki kuwa ba fushi ya fara ji ba, ciwo ya ji, irin na wanda ya yi kyauta aka mayar masa. Daga baya ciwon ya zama fushi. Ya dubi Waziri ya ce, "Kai ka kawo shawarar nan. Na ba su hanya, na ba su gida, na ba su tsaro. Me na hana su? Na ba ka kwana bakwai ka kawo mini amsa. In Juma'a ta yi ba ka kawo ba, dogarai su fitar da gida arba'in da ukun nan ta ƙofar gabas da ƙullin kayansu, kada su sake kwana a birnina."

Waziri ya ce, "Na ji, na kuwa bi, Allah ya ja zamaninka."

Ya koma Sabon Tudu da igiyarsa ya sake auna hanyoyi, ya ga daidai suke. Ya ɗanɗana ruwan rijiyoyi, ya ji garɗi. Ya tara masu unguwanni, suka ce su ma abin ya ɗaure musu kai, wanda kuwa ya sani a cikinsu tsoro bai bar shi ya faɗa ba. Kwana biyar suka tafi a haka. Ran na shida ya ce a ransa, ruwa dai ba ya tsami banza. Ya tuɓe alkyabba, ya sa wata tsohuwar riga, ya gangara Gangare da ƙafa, la'asar sakaliya.

Ya yi ta ratsa kangaye har aka yi magariba. Da aka fito daga wani ɗan masallaci na zana, sai ya ga maza suna fitowa daga bukkoki, kowa da akushi a hannu, suna taruwa nan biyar, can bakwai, a kan tabarmi. Can ƙarshen wani lungu kuma ya hangi tsoho guda ɗaya zaune a kan dakalin wani rusasshen gida, da akushi a gabansa, ba kowa tare da shi. Waziri ya yi sallama.

Tsohon ya amsa ya ce, "Baƙo, wanke hannu. Bismillah."

Waziri ya daɗe rabonsa da a ce masa haka ba tare da an durƙusa ba. Ya zauna, suka ci tuwon dawa da miyar kuka. Da suka sha ruwa ya ce, "Baba, ni baƙo ne, abu ɗaya ya ba ni mamaki. An ce Sarki ya ba ku gidaje a tudu. Me ya dawo da ku cikin kango?"

Tsohon ya ce, "Sunana Cindo, falke ne ni kafin gwiwa ta ƙi. In kana da haƙurin ji, zan ba ka labarin mai gidan nan da muke zaune a ƙofarsa."

Ga abin da Cindo ya faɗa, kamar yadda littafin ya kawo.

"Mu shida ne a lungun nan, shekara talatin muna ciyayya a kan tabarma ɗaya. Da magariba kowa ya fito da abin da aka dafa a gidansa, mu haɗa mu ci. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya zo ya zauna, ba mai ce masa uffan. A cikinmu akwai Barmo, baduku, shi ne mai wannan gida. Matarsa ta rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ba mai dafa masa, amma kullum sai ya fito da akushinsa a wanke, rufe da faifai, ya ajiye cikin namu, don mai wucewa kada ya gane. Mu mun san ba komai a ciki. In an gama, Delu matata ta riga ta san nata, sai akushin ya koma da ɗumamen safe. Shi kuma ya biya mu da ba'a, don bakin Barmo ko Liman bai ƙyale ba.

"Da aka zo rabon gidaje, na zari tsinke ya kai ni gabashin tudu, Barmo ya zari nasa ya kai shi can yamma, sauran huɗun kowa da inda ya faɗa. Maƙwabtan da na samu mutanen kirki ne, amma ban san su ba, ba kuma inda za mu zauna mu san juna. Ran farko na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, dogari ya ce in naɗe. Na naɗe. Na shiga na ci tuwo ni kaɗai ina kallon bango.

"Da fari kullum nakan ɗauki akushi in je wurin Barmo. Amma tafiya ce mai nisa ga mai irin gwiwata, hanyoyin kuma duk kamarsu ɗaya, sau biyu ina ɓata. Sai ya zama bayan kwana biyu, sai bayan uku, sai ya zama ran Juma'a kawai. Ba na ɗora wa kowa wannan, nawa ne. Wata Juma'a ban gan shi a masallaci ba. Na je na tarar da ƙofa a kulle ta ciki. Muka ɓalle. Yana kwance kusa da randa, hannunsa miƙe wajen moɗa, ya yi aƙalla kwana uku da rasuwa. Akushinsa na bakin ƙofa, a wanke, rufe da faifai.

"Maƙwabcinsa ya ce shi ya zaci tafiya ya yi. Dogarai kuwa sau uku a yini suke wucewa ta ƙofar nan. Ba ɓarawo ne ya shiga gidan Barmo ba, baƙo. Ba wanda ya shiga, shi ne abin. A nan Gangare da tun magaribar farko mun ga gurbinsa, da mun tashi da tuwo a hannu mun leƙa. Bayan sadakar bakwai na ce wa Delu ta ɗaure kaya. Sauran huɗun suna can tudu, 'ya'yansu sun hana su dawowa. Ni kuma na kasa zama a tabarmar wasu, sai nan."

Waziri ya ajiye moɗar ruwa. Can ya ce, "Me ya hana ku kai kuka fada?"

Cindo ya ce, "Wa ya tambaye mu? Bari in ƙara maka ɗaya. Ina saurayi na bi ayarin wani madugu zuwa Gwanja. Shi in an sauka zango ba ya ƙirga kawuna, murhu-murhu yake bi yana cewa, wa bai ci ba? Bai taɓa raba waɗanda ke cin tukunya ɗaya ba, ko da zango zai karkace. Wata rana wasu suka ce nasu ɗaya bai zo ba, sun ƙi sa hannu a tuwo. Aka bazama nema, aka same shi bayan wata geza maciji ya sare shi, aka yi masa magani ya tashi. Masu gadi da kwari da baka suna nan tsaye, ba su san an rasa kowa ba, don su abin da zai shigo suke duba." Ya rufe akushinsa ya ƙara da cewa, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ranka ya daɗe Waziri."

Waziri ya zabura ya ce, "Ashe ka gane ni?"

"Tun daga nesa. Duk garin nan wa ke tafiya yana auna ƙasa da ido in ba kai ba?"

Ran Juma'a bayan an sauko, fada ta cika, dogarai sun yi shirin kora. Waziri ya shigo riƙe da akushi rufe da faifai, ya ajiye gaban Sarki, ya buɗe. Ba komai a ciki. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ga amsa. Kafin in faɗe ta, a san cewa laifin ba na mutanen Gangare ba ne, nawa ne, ni da ƙwaryar tsinkayena." Ya kwashe labarin Barmo da na madugu ya faɗa, bai rage komai ba. Ya ce, "Mun gina gidaje mun rushe maƙwabtaka. Mun share wa jakai hanya mun hana mutane wurin zama. Mun sa dogarai su tsare su daga ɓarawo, mun kore masu tsare su daga abin da ya fi ɓarawo. Su kuwa tun kakanninsu suke cewa, wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

Maganar na fita fadawa suka dubi juna, don kowa ya san mutum ɗaya a birnin da ke ci shi kaɗai. Waziri kansa sai da ta fita ya tuna, ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo. Sarki ya daɗe yana duban akushin nan. Da ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa ya yi ta. Ya ce, "Gaskiya suka faɗa."

Nan take ya ba da umarni. Ba wanda za a kora. A sake rabon Sabon Tudu, ba da tsinke ba, da tabarma: waɗanda suka saba ci tare a zaunar da su lungu ɗaya. A gina dakali a kowace ƙofa, jakai su yi haƙuri su bi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen kowane lungu a rushe gida ɗaya a bar fili, a dasa bishiya. Dogarai su daina watsa taro, su riƙa bin tabarmi suna tambaya wa bai fito ba. Duk aikin da za a sake yi a birni kuma, a fara da zuwa wurin masu shi. Sarkin Magina ya ɓata rai da jin za a rushe aikinsa, amma ya haɗiye.

Sa'an nan aka kirawo Cindo. Sarki ya ce, "Dattijo, roƙi abin da kake so. Doki ko alkyabba?"

Cindo ya ce, "Zaki, gwiwata ba ta hawa doki, alkyabba kuma wa zan yi wa ado? Tabarmarmu ta mutum shida ce, ka mayar mini da huɗu, na gode. Saura gurbi ɗaya."

Sarki ya gane, ya ce, "Al'ada ta ɗaure ni, ba na ci a gaban mutane."

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shi ma mai gurbin, Barmo, akushi kawai yake kawowa. Ka aiko da naka, mu aika maka da namu."

Aka yi haka. Kowace magariba dogari ya fita da akushin fada zuwa lungun su Cindo, ya dawo da tuwon Delu. Sarki na nan dai bayan asabari shi kaɗai, amma an ce tun daga ranar akushi ba ya komowa da saura. Waziri kuwa ya riƙa zuwa tabarmar nan duk Alhamis, ya kuma bar igiyarsa a gida.

Shekara biyu ana haka. Wata magariba Sarki ya wanke hannu ya zauna jira, akushin Cindo bai zo ba. Bayi suka kawo masa na fada iri-iri, ya ce a ɗauke. Ya miƙe ya ɗaga asabari da hannunsa, ya fita da ƙafa, fadawa na bin sa a guje suna gyara rawuna. Ya tarar da tabarma a shimfiɗe, tuwo a rufe ba wanda ya taɓa, dogarin da aka aika ma yana ciki tare da mutane. Cindo na kwance a zaure, zazzaɓi ya kayar da shi tun la'asar, abokansa huɗu kewaye da shi, Delu na yi masa fifita.

Cindo ya buɗe ido ya ga Sarki durƙushe a gefensa. Ya ce, "Zaki, ashe ka lura?"

Sarki ya ce, "Na lura, Cindo."

Cindo ya ce, "To, gari ya tsaru."

Da hantsi washegari ya cika, kansa a cinyar abokinsa, ana laƙƙana masa kalmar shahada. Daidai nan gara ta cinye rabin shafi. Kakana ya ce abin da ke wurin shi ne, da magaribar ranar Sarki ya dawo lungun, ya zauna a gurbin Cindo, ya sa hannu a akushi a gaban kowa yana ci yana hawaye, ba kuwa wanda ya ce masa al'ada ta hana. Ni dai na yarda da kakana.

A ƙasan shafin, inda gara ta yi mana rangwame, marubucin ya ce: ya kai mai riƙon gari, gina hanya, gina gida, gina ganuwa, duk wajibi ne a kanka. Amma kafin ka ɗauki igiya, je ka tambayi mutane da wa suke ci. Nan alƙalaminsa ya tsaya, nan nawa ma ya tsaya. Allah ya sa ranar da akushinmu bai fito ba a samu wanda zai lura.